Gajerun Kalmomin Turanci Masu Kama da Juna: Waɗanne ne Dangi, Waɗanne ne Maƙwabta Kawai?

Tambaya: Wata malama da ke koyar da yara karatun Turanci ce ta aiko da wannan tambaya. Ta ce duk lokacin da ta jera wa ɗalibanta kalmomi irin su cat, bat, hat da mat, ko kuma tea, eat da ate, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya tambaye ta ko waɗannan kalmomi 'yan gida ɗaya ne, tunda haruffansu kusan ɗaya ne. Tana son sanin abin da ya sa gajerun kalmomin Turanci suke yawan kama da juna, ko kamar tasu tana nuna alaƙar ma'ana, da kuma hanyar da za ta bi don kada yara su riƙa rikita su.

Amsa: Malama, yaron nan ya yi tambayar mai tunani, kuma bai kamata a sallame shi da e ko a'a ba. A Turanci, mafi yawan lokaci kamar haruffa ba ta faɗin komai game da ma'ana, domin kama da wane ba wane ba ne. Sai dai akwai wurare da kamar take nuna dangantaka ta haƙiƙa, kuma malamin da ya san waɗannan wurare zai rage wa ɗalibansa wahalar hadda sosai.

Dalilin kamar da kansa lissafi ne. Turanci yana da haruffa 26, biyar daga cikinsu wasula, sauran 21 baƙaƙe. Idan za a gina kalma mai haruffa uku a tsarin baƙi, wasali, baƙi, iyakar abin da za a iya samu shi ne 21 sau 5 sau 21, wato 2,205, kuma da yawa daga cikin waɗannan harshen bai yarda da su ba. A ɗaya ɓangaren kuma, kalmomin da mutane suka fi furtawa a kullum su ne suka fi gajarta, abin da masanin harshe ɗan Amurka George Zipf ya nuna da ƙididdiga tun 1935, kuma ana ganinsa a harsuna da dama. Kalmar da ta fi kowace yawan fitowa a rubutun Turanci ita ce "the", sai irin su "of", "and", "to" da "in". To idan ɗaruruwan kalmomin yau da kullum suka cunkushe a ɗan wannan fili, dole ne kafaɗarsu ta riƙa gogar juna. Cat kyanwa ce, bat jemage, hat hula, mat tabarma, rat ɓera, kuma babu wani zare da ya haɗa kyanwa da tabarma sai dai cewa bakin mai magana yana rufe kalmomin biyu da sauti iri ɗaya.

Ina ganin akwai dalilin da ya sa wannan tambaya take zo wa Bahaushe da wuri. Harshenmu ya saba mana da cewa idan baƙaƙe suka tsaya wasalin ƙarshe ya canza, ma'anar tana nan kusa: fita, fito, fice, fitar, saya, sayo, saye, sayar. Wanda kuma ya taɓa karatun sarfu ya san cewa a Larabci baƙaƙe uku ne suke riƙe da saiwar ma'ana, shi ya sa ilimi da malami suka fito daga tushe guda. Mai wannan tarbiyya idan ya ga jerin kalmomin Turanci da suka fara da b suka ƙare da t, zai yi tsammanin tsarin ɗaya ne. Bari mu gwada. Bite cizo ne. Bit ɗan guntu ne, asalinsa abin da aka gutsura da haƙori. Bait abin da ake maƙala wa ƙugiya ne don kifi ya ciza, kuma ta shigo daga harshen mutanen arewacin Turai na dā, inda take nufin sa wani ya yi cizo. Waɗannan uku dangi ne na jini, har da bitter mai nufin ɗaci, wato ɗanɗanon da ke cizon harshe. Amma beat, wato duka, daga wata saiwa dabam take. Boot, takalmi mai rufe idon sawu, daga Faransanci aka aro ta. But, wato amma, asalinta kalmomi biyu ne na tsohon Turanci masu nufin "a waje" da suka narke suka zama ɗaya. A jere ɗaya ke nan an sami dangi uku da baƙi uku, kuma ido kaɗai ba zai iya raba su ba, sai an koma tarihi.

Jerin cat, bat, hat da kike koyarwa yana da amfani mai girma, amma amfaninsa na karatu ne, ba na ma'ana ba. Yaron da ya iya furta ƙarshen kalma ɗaya ya sami mabuɗin kalmomi goma: daga pin ya karanta tin, win, bin, fin, daga hot ya karanta pot, not, got, lot. Matsalar ita ce mabuɗin ba ya buɗe kowace ƙofa. But da cut amsa-amonsu ɗaya, put kuma ta bauɗe. Save da gave sun dace, have ta fita daga sahu. Cow da now sun tafi tare, low da row mai nufin layi suka kama wata hanya. Mafi shahara a wannan rikici shi ne haruffan nan huɗu, ough, waɗanda ake furta su dabam-dabam a though, through, tough, cough da bough. Wannan ba gazawar yaro ba ce, kuma ba gazawarki ba ce.

Abin da ya faru shi ne rubutun Turanci ya daskare a daidai lokacin da furucinsa yake tsakiyar tafiya. William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila a 1476, daga nan ƙa'idar rubutu ta fara zaunawa a hankali, har ƙamusun Samuel Johnson na 1755 ya ƙara dasa ta. A tsakanin wajejen 1400 zuwa 1700 kuwa, dogayen wasulan Turanci sun yi wata babbar ƙaura, kowanne ya bar mazauninsa a baki ya koma wani. Kafin ƙaurar, wasalin bite dogon i ne kamar na Hausa, wasalin name kuma dogon a ne, kuma a zamanin da ya gabaci wannan har e ɗin ƙarshen ana furta shi. Daga baya e ɗin ya mutu a baki ya rayu a takarda, ya zama alama kawai mai gaya wa mai karatu cewa wasalin da ya zo kafinsa ba gajere ba ne. Daga nan ne aka sami tagwayen da ke wahalar da ɗalibai: hat hula, hate ƙiyayya, hop ɗan tsalle, hope fata, cut yanka, cute abu mai ban sha'awa, not a'a ko ba, note ɗan rubutu, tap famfo ko ɗan bugu, tape zare mai faɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan tagwaye da ya haɗa ma'ana. Wannan ƙa'idar ce kuma ta sa ake ninka baƙi a hopping don a raba ta da hoping, ninkin yana tsare gajartar wasalin.

Haka tarihin yake bayyana haruffan da ba a furtawa. A know, knee, knife da knot, ana furta k ɗin har zuwa wajen ƙarni na 17. A night, light, right da fight, haruffan gh suna wakiltar wani sauti na can cikin baki, ɗan'uwan wanda ke farkon kalmar Larabci khairi, kuma har yau Jamusawa suna furta shi a Nacht da Licht, wato dare da haske. See da sea, ko meet da meat, a dā wasulansu biyu ne mabambanta, daga baya suka haɗe a baki, rubutu ya ci gaba da raba su. Ni a ganina wannan rabuwar alheri ce ga mai karatu, domin da an rubuta su iri ɗaya da sai ya dogara ga jimla kaɗai kafin ya san gani ake nufi ko teku.

Kashi na biyu na tambayarki shi ne kalmomin da haruffansu ɗaya ne sak, jeri kawai ya bambanta. Misalin da kika kawo ya yi kyau ƙwarai, domin ya haɗa nau'i biyu. Eat da ate aikatau ɗaya ne, ci da ya ci. Tea kuwa baƙuwa ce daga nesa: daga wani karin harshen Sinanci na gaɓar kudu maso gabashin ƙasar Sin take, inda ake cewa te, kuma 'yan kasuwar Holan ne suka kawo sunan Turai a ƙarni na 17. Haɗuwarta da eat a haruffa katari ne zalla. Haka was da saw, "on" da "no", now da own da won, ko stop, spot, post, pots da tops. A nan ba sai an daɗe ba: sauya jerin haruffa ba hanyar gina kalma ba ce da aka saba da ita a Turanci, don haka kusan duk kamar da ta zo ta nan wasa ce. Abin da ya kamata ki lura da shi kawai shi ne yaron da yake karanta was a matsayin saw, domin wannan yana nuna idonsa bai riga ya saba da bin haruffa daga hagu zuwa dama ɗaya bayan ɗaya ba. Ga mai fara karatu wannan abu ne da aka saba gani, yana kuma wucewa da yawan gwaji, amma idan ya daɗe bai wuce ba ya cancanci a duba shi da kyau.

Yanzu sai dangi na gaskiya, kuma a nan ne ribar take. Tsohon Turanci yana canza wasalin tsakiyar kalma don ya nuna lokaci ko adadi, kamar yadda Hausa take canza na ƙarshe. Ragowar wannan tsari ce muke gani a sing, sang, sung da song, wato rera, ya rera, an rera, da waƙar kanta. Ita ce a sit, sat, seat da set: zauna, ya zauna, mazauni, da zaunar da abu, wanda shi ne asalin ma'anar ajiyewa. Dubi yadda set take ga sit kamar yadda zaunar take ga zauna, haka lay take ga lie, kwantar da kwanta, haka raise take ga rise, tayar da tashi, haka fell ta sare itace take ga fall, kayar da faɗi. Turawa da kansu suna yawan rikita lie da lay, amma Bahaushe da aka gaya masa cewa ɗaya kwanta ce ɗaya kwantar ce ba zai sake mantawa ba, domin bambancin yana cikin harshensa tun yana goye. A ɓangaren suna kuma akwai man da men, foot da feet, tooth da teeth, mouse da mice, inda canjin wasali ya raba tilo da jam'i. Irin wannan canji ne ya haifi feed daga food, bleed daga blood, fill daga full, da heat daga hot.

Wani lokaci harafin da ba a furtawa shi ne shaidar dangantaka. Yara suna tambayar amfanin w a cikin two, tunda ba a jin sa. Amsar tana cikin twin, twice, twelve, twenty da between, inda w ɗin yake da rai, kuma dukkansu suna ɗauke da ma'anar biyu: tagwaye, sau biyu, sha biyu, ashirin wato goma sau biyu, da tsakanin abu biyu. Haka "one" take ɓoye a cikin once, none, only da alone, wadda asalinta all da one ne aka haɗe. Kalmomin tambaya ma gida ɗaya suka fito, who, what, when, where, why da which, kuma a tsohon Turanci da hw ake rubuta su, daga baya marubuta suka juya haruffan. Suna da takwarori masu farawa da th waɗanda ke amsa su: where da there, when da then, what da that. Wannan jeri ne da za ki iya rubutawa a allo, ki bar yara su gano tsarin da kansu.

Sai dai a yi hattara, domin akwai kamar da aka ƙirƙira da gangan. Would da should sun gaji l ɗinsu daga will da shall. Could ba ta da wannan gado, daga can take, amma marubuta suka cusa mata l don ta yi kama da abokan tafiyarta. Female ma ba daga male aka gina ta ba, kalma ce dabam daga Faransanci da aka gyara rubutunta don ta dace da male. Ashe Turawan da kansu sun faɗa tarkon da ɗalibinki yake leƙawa.

Akwai wani rukuni a tsakiya da masana suka daɗe suna muhawara a kansa. Kalmomi da yawa masu farawa da gl suna da alaƙa da haske, irin su glow, gleam, glint da glare, masu farawa da sn kuma suna kewaya hanci, irin su sniff, snore, sneeze da snout. Masanin harshe ɗan Ingila J. R. Firth ya yi magana a kan wannan tun 1930. Abin yana taimaka wa tuni, amma ba doka ba ne, tunda glue da glove ba su da ruwa da haske, snow da snake kuma ba su san hanci ba. Ni nakan ambata shi ga manyan ɗalibai ne kawai, domin ƙaramin yaro yakan ɗauki kowace alama a matsayin ƙa'ida.

Mafi tsananin kama ita ce inda kalmomi biyu suka zama ɗaya a rubutu. Bat jemage ce, kuma sandar buga ƙwallo ce. Saw zarto ne, kuma "ya gani" ce. Lie ƙarya ce, kuma kwanciya ce. Well rijiya ce, kuma lafiya lau ce. Left hagu ce, kuma "ya tafi" ce. A wasu ma furucin ya bambanta alhali rubutun ɗaya ne: tear hawaye da tear yagewa, wind iska da wind naɗewa, lead jagoranci da lead dalma. Wannan bai kamata ya tsorata mai karanta Hausar boko ba, domin mu ma ba ma rubuta karin sauti ko tsawon wasali, amma ba ma rikita gari na mutane da gari na niƙa, ko baƙi na launi da baƙi masu zuwa ziyara, saboda jimla tana warware mana. Idan kika nuna wa yara cewa sun riga sun iya wannan dabara a harshensu, rabin tsoron ya tafi. A kan wannan ne nake ƙin a ba yaro gajeriyar kalma tsirara a ce ya haddace ma'anarta guda. Gajerun kalmomi su ne suka fi tara ma'anoni: babban ƙamusun Oxford ya lissafa wa set ma'anoni sama da 400 a matsayinta na aikatau, da aka sabunta shi kuma run ta wuce ta da sama da 600.

Wata 'yar ƙa'ida da ba a cika koyarwa ba tana taimakawa wajen masu sauti ɗaya. A al'adar rubutun Turanci, kalma mai ɗauke da cikakkiyar ma'ana, suna ko aikatau ko sifa, ba ta cika kasa haruffa uku ba, yayin da ƙananan kalmomin nahawu suke iya zama biyu ko ɗaya. Shi ya sa aka sami "in" da inn masauki, "be" da bee ƙudan zuma, "by" da buy saya, "or" da ore ma'adini, "I" da eye ido, kuma shi ya sa egg, add da odd suke da ninkin baƙi. Akwai 'yan tawaye kamar go, do da ox, amma ba su da yawa.

Ragowar matsalar ba ta ido ba ce, ta kunne ce. Hausa tana da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, sai tagwaye irin su ai da au, Turancin Ingila kuwa yana da sautukan wasali kusan 20 da yake rubutawa da haruffa biyar. Don haka cat, cut da cart sukan faɗa wa kunnen Bahaushe a wuri ɗaya, haka pin da pen, haka ship da sheep, haka full da fool. A baƙaƙe kuma Hausa ba ta raba p da f a matsayin sautuka biyu masu canza ma'ana, kuma ba ta da v, abin da kalmomin aro suke shaidawa: pump ta zama famfo, paint ta zama fenti, driver ya zama direba. Yaron da bai ji bambancin ba zai haɗa pan da fan, pin da fin, pull da full, van da ban, vote da boat. Sautin th ma haka, inda thin takan koma tin ko sin, then kuma ta koma den. Gyaran p da f yana da sauƙi idan aka nuna shi a zahiri: a p leɓɓa biyu suke haɗuwa su rufe iska sannan su sake ta lokaci guda, a f kuwa haƙoran sama suke sauka a kan leɓen ƙasa iska ta riƙa zirarewa. Ki sa yara su kalli bakinki, sannan su kalli na juna, kuma ki riƙa furta tagwayen a cikin jimla su nuna hoton da kike nufi kafin ki nemi su furta da kansu, domin kunnen da bai raba ba, baki ba zai raba ba.

Ga wasa kuma, akwai wanda Lewis Carroll, malamin lissafi a Oxford, ya fitar a wata mujalla a 1879. Ana ba da kalmomi biyu masu tsawo ɗaya, a ce a tashi daga ta farko a isa ta biyu ta hanyar canza harafi ɗaya tak a kowane taki, kuma kowane taki ya zama kalma ta gaske. Daga cat zuwa dog ana bi ta cot da dot. Daga cold zuwa warm ana bi ta cord, card da ward. Sharaɗin da nake ƙara wa wasan idan ina yi da ɗalibai shi ne ba a yarda da taki ba sai mai shi ya faɗi ma'anar kalmar da Hausa ya kuma saka ta a jimla. A tafiyar cold zuwa warm, yaro zai bi ta sanyi, igiya, kati da ɗakin marasa lafiya kafin ya isa ɗumi, kuma idan ya waiwaya ya ga abubuwan da ya taka, shi da kansa zai amsa tambayar da ya yi miki.